Muhawara: watan yankan ciyawa a gidajen makiyayan Montana, da abin da ya haɗa shi da harawarmu

Baban Zara: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai bidiyon da ke yawo na wasu matasan makiyaya a Amurka, miji da mata da 'ya'yansu uku, suna ɗaure ciyawa da inji cikin dare da fitila. Tambayata ga masana: mutanen da ke da filin kiwo har iya ganinka, me ya kai su wahalar tara ciyawa? Kuma me ya sa sai da dare, ko zafin rana suke gudu?

Malamar Gona: Wa alaikumus salam, Baban Zara. Abin da rani yake yi mana shi hunturu yake yi musu. A jihohi irin su Montana da Wayomin dusar ƙanƙara kan rufe makiyaya wata huɗu zuwa shida, saniya ba ta samun abin da za ta tsinka sai wanda aka zuba mata. Kakanninsu ma sai da suka sha wuya kafin su yarda da haka: hunturun 1886 zuwa 1887 ya kashe shanu ba adadi a filayen Montana da Dakota, daga nan tara ingirici ya zama dole.

Ga lissafin. Saniyarsu mai nauyin kilo 550 tana cin kilo 12 zuwa 14 na busasshiyar ciyawa a rana. Mu ɗauki 13. Iyali mai shanu 300, kwana 150 na ciyarwa: 300 sau 13 sau 150, tan 585 ke nan. Ba a sa bijimai da karsana da dawaki ba, ba a sa wadda za a tattake ko ta ruɓe ba. Shi ya sa mai hankali yake nufin tan 700. In kowace dila mai zagaye kilo 550 ce, kana maganar dila kusan 1,300, kuma dole a gama su cikin sati huɗu zuwa shida. A kwarin da ke kan tudu sosai, irin Big Hole da ke kudu maso yammacin Montana, yanka ɗaya tal ake samu a shekara, daga tsakiyar Yuli zuwa Agusta. Wanda ya kuskure wannan, sai dai ya sayi ciyawa ko ya sayar da shanu.

Injiniya: Maganar dare kuma ba zafi suke gudu ba, Alhaji. Raɓa suke bi. Alfalfa, wata ciyawa da suke nomawa don dabbobi, kamar harawar wake take, amfaninta yana ganye, kusan kashi biyu cikin uku na furotin ɗinta a ganyen yake. Idan ta bushe ƙarau ka sa mata inji da tsakar rana, haƙoran injin za su kakkaɓe ganyen ya zama gari ya bi iska, ka ɗaure tsinke zalla. Sai su jira raɓa ta ɗan sauka ganyen ya yi laushi, wani lokaci ƙarfe goma sha ɗaya na dare, wani lokaci ƙarfe uku. Raɓar kuma in ta yi yawa dole a tsaya. Tsakanin "ta isa" da "ta yi yawa" bai fi awa uku ko huɗu ba, shi ya sa za ka ga maigida yana fita da tocila yana damƙar ciyawa kafin ya tashe matarsa.

Ciyawar fadama ba ta da wannan fitinar sosai, ita da rana ake ɗaure ta.

Ɗan Fadama: Injiniya, ka faro mana daga farko mana. Mun ji ɗauri, ba mu ji yanka ba.

Injiniya: To, kafin yanka akwai ruwa, wanda na san shi ne fanninka. Fadamunsu da ruwan ƙanƙarar da ta narke daga duwatsu ake shayar da su. Tun watan Mayu ake sako shi ta lambatu, a datse da tamfol da aka ɗaura a jikin gungume, ruwan ya malala cikin ciyawa. Safe da yamma wani zai je ya matsar da tamfol ɗin gaba, yawanci a kan babur mai ƙafa huɗu da shebur a baya. Kwana goma zuwa sati biyu kafin yanka sai a yanke ruwan. Wanda ya yi gaggawa ya shiga ƙasa na da laushi, tarakta za ta kafe, kuma ciyawar da aka kwantar a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa daga ƙasa take shan laima, ba za ta bushe ba.

Sai yanka. Injin yana da wuƙaƙe a gaba, a bayansu akwai wasu rola biyu masu murƙushe kara. Dalilin murƙushewar: ganye yana bushewa cikin yini ɗaya, kara kuwa sai ya kwana uku ko huɗu, in aka fasa karan sai su tafi kusan tare. Tazarar rolar tana da muhimmanci. In ta matse da yawa ganye ya ƙuje ya yi baƙi, in ta buɗe da yawa kamar ba a yi ba. Ana barin kututture santimita 5 zuwa 8 ga alfalfa, 8 zuwa 10 ga ciyawa. Wanda ya aske ƙasa don kwaɗayin ƙarin tan zai kwaso turɓaya cikin dilarsa, wuƙaƙe su dakushe, tohon baya kuma ya yi jinkiri.

Ɗanyar ciyawa kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari ruwa ce. A shimfiɗa ta da faɗi ta sha rana. Idan laimar ta sauko kamar kashi 35 zuwa 40 sai a shiga da manjagarar da tarakta ke ja a haɗa layi biyu ya zama kunya ɗaya. Kar a jira ta bushe sarai kafin manjagara, nan ma ganye zubewa yake. Daga yanka zuwa ɗauri kwana uku zuwa biyar in sama ta yi kyau.

Dattijon Ruga: Duk wannan zance na inji ne, 'ya'yana. Mai kuɗi ya sayi ƙarfe, ƙarfe ya yi masa aiki. Ina abin koyi a nan ga mai lauje?

Malamar Gona: Allah ya ja kwana, Baba, ban yarda inji ne kan maganar ba. Inji yawa yake bayarwa, kyau kuwa ranar yanka ce ke bayar da shi. Alfalfa ana yankanta idan fure ya fara buɗewa, kamar ɗaya cikin goma na tsirran. A lokacin furotin ɗinta kashi 17 zuwa 20 ne. Ka bar ta ta cika fure don ta ƙara nauyi, kara ya yi itace, furotin ya faɗo, shanu su ci kaɗan su bar saura. Ciyawar fadama tasu in an yanka da wuri tana ba da kashi 8 zuwa 10, in ta tsufa ta zubar da iri sai ta koma 5 ko 6. Tumbin saniya kuwa yana buƙatar akalla kashi 7 kafin ƙwayoyin da ke narka abinci su yi aiki sosai.

Yanzu ka dubi gamba da kyasuwa a wajenmu. Yawanci sai Nuwamba ko Disamba ake yankansu, bayan sun yi kai sun bushe a tsaye. Wannan ai ba ingirici ba ne, tattaka ce, furotin ɗinta bai fi kashi 2 zuwa 4 ba. Da laujen nan dai, in aka yanka a ƙarshen Satumba tana kore kafin ta fitar da kai, abinci biyu ne daban.

Dattijon Ruga: A Satumba? Ruwa na zuba, gero na jiran girbi, wa ke da hannun yankan ciyawa? Kuma a ina za ta bushe?

Malamar Gona: Wannan gaskiyarka ce, Baba, kuma nan suka fi mu sa'a. Lokacin yankansu ya faɗo daidai da watannin da iskarsu ta fi bushewa, ga rana mai tsawo, a Yuli tana fitowa kafin ƙarfe shida ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare. Mu kuwa ciyawa tana kan ganiyarta ne sa'ad da sama ke zuba. Mafita ita ce yanka kaɗan-kaɗan: abin da mutum biyu za su iya juyawa su kwashe cikin kwana biyu, a yanka da hantsi bayan raɓa ta kaɗe, a juya da azahar, da yamma a tara tsibi-tsibi. In hadari ya taso a ɗora a kan tanka mai ƙafa uku a rufa.

Ɗan Fadama: Su ma ai ruwan yana dukansu. A Yuli da Agusta hadarin la'asar yakan taso musu daga duwatsu ba sallama. Abin da mutane ba su sani ba, ruwan da ya sauka awa biyu bayan yanka ɓarnarsa kaɗan ce, don tsiron bai mutu ba, yana riƙe da abin cikinsa. Wanda ke kashe ciyawa shi ne na rana ta uku, tana gab da ɗauri: ya wanke zaƙin, a sake juyawa ganye ya zube, launi ya koma ruwan toka. Shi ya sa mai dabara ba ya kwantar da abin da ya fi ƙarfin injin ɗaurinsa. In injin yana iya eka 40 a yini, kar a yanka 150 a ajiye a ƙasa don an ga sama garau.

Maman Khalifa: Ku maza kun tsaya kan ƙarfe da ciyawa, Baban Zara kuwa iyali ya gani. Bari in faɗi yadda ake raba aikin a irin waɗannan gidaje, don ba hutu ba ne kamar yadda bidiyo ke nunawa.

Ma'aikacin haya tsada gare shi kuma ba ya samuwa, saboda haka aikin mutum biyar mutum biyu ke yi da taimakon kaka da yara. Maigida ya tashi da asuba ya sa giris, ya duba mai, ya hure ƙurar inji. Uwargida takan ja injin yanka ko manjagara, ita ce kuma mai zuwa gari sayen kayan gyara in wani abu ya karye, tafiyar da kan kai kilomita 80 zuwa 100 zuwa kawai. Abincin rana a gona ake ci, a bayan akori-kura, don ba a kashe aiki a koma gida. Ita ke riƙe da littafin kuɗi. Da yawansu kuma suna da aikin albashi a gari, koyarwa ko jinya, ba don sha'awa ba sai don inshorar lafiya, wadda tsadarta kan gagari makiyayi mai zaman kansa.

Yara suna hutun makaranta daga Yuni zuwa ƙarshen Agusta, daidai da aikin. Ƙananan su kai ruwan sha, su ba maraƙi maraya madara a kwalba. Mai shekara goma sha biyu zuwa sha huɗu yawanci da manjagara yake farawa, don ita ce mai sauƙi kuma kuskurenta ba ya da tsada. A cikin wannan rububin ne kuma suke wanke maraƙin da za su kai bajekolin gunduma a Agusta ƙarƙashin 4-H, ƙungiyar da ke koya wa yara noma da kiwo. Jariri kuwa matsala ce ta gaske: ba gidan raino kusa, ba kishiya, ba ƙanwar miji a tsakar gida. In kaka ba ta kusa, sai a ɗaure kujerarsa cikin ɗakin tarakta.

Dakta: Hajiya, wannan na ƙarshen shi ne abin da masu kula da lafiyar manoma a can suke ta faɗa a kai. Tarakta mai ɗaki rufaffe da sauƙi, amma tsohuwa marar ɗaki, kujera ɗaya gare ta, mutum ɗaya. Yaron da aka ɗora a kan murfin taya, gargada ɗaya ta isa ya faɗo gaban injin da ake ja. Dokarsu ta hana ɗaukar yaro ƙasa da shekara 16 aikin tuƙa babbar tarakta a gonar wani sai da takardar horo, amma ba ta shafi ɗan da ke aiki a gonar iyayensa ba, to hankalin iyaye ne kawai katanga.

Abu na biyu sandar da ke juya inji daga bayan tarakta. Tana juyawa sau 540 a minti, wato sau tara a daƙiƙa ɗaya. Bakin riga ko igiyar hula in ta kama, babu wanda ke da saurin fizgewa. Na uku, injin ɗauri ya cushe mutum ya sauko ya tura ciyawar da ƙafa inji na kunne. Duka ukun gajiya ce ke jawo su, mutumin da ya yi sati biyu yana barcin awa huɗu. Wannan gargaɗin ya shafi masu injin casar masara da na niƙan kara a nan gida, babbar riga da bel ba sa shiri.

Baban Zara: Subhanallahi. To shanun fa, ina suke duk wannan lokaci? Ban ga saniya ko ɗaya a bidiyon ba.

Ɗan Fadama: Suna kan dutse, Alhaji. Su ma suna da irin tasu mashekarin. A Yuni ake kora garke zuwa makiyayar tudu, da yawa filin gwamnatin tarayya ne da ake ba su izini a kai, a biya kuɗi kan kowace saniya da ɗanta a wata. A 2024 dala 1.35 ne. Hikimar ita ce a raba shanu da fadama har ciyawa ta girma. Amma ba a mantawa da su: sau ɗaya ko biyu a sati wani zai hau doki ko babur ya kai dutsen gishiri, ya duba wurin shan ruwa, ya ɗaure wayar shinge, ya duba ciwon ido da ruɓewar kofato. Bijimai ma a lokacin suke cikin garke. Cikin saniya kwana 283 ne, wanda ya saki bijimi a farkon Yuni zai karɓi haihuwa a tsakiyar Maris. In bijimi ya gurgunce a Yuli ba a lura ba saboda kowa na kan tarakta, sai baɗi a ga shanu ashirin ba ciki.

Injiniya: Mu koma kan laima, don nan ne mutane ke ƙona rumbunsu da hannunsu. Iyakar da ake bi: ƙaramar dila mai kusurwa huɗu, ta kilo 20 zuwa 30, kar ta wuce kashi 18 zuwa 20. Babbar mai zagaye, kashi 15 zuwa 18. Babbar mai kusurwa huɗu, wadda aka danne sosai, gara ta tsaya ƙasa da 16. Girman dila da matsinta su ke hana laima fita. Suna da ma'auni mai tsinke da ake cusawa cikin dila, amma tsofaffin hanyoyi na nan: ka murɗa damƙi ɗaya da hannu biyu, in ya kakkarye ba ka ji sanyi a tafin hannu ba ya yi. Ko ka kankare bayan kara da farce, in fatar ta saluɓe da sauƙi da saura. Mai son tabbaci ya auna giram 100, ya busar a na'urar ɗumama abinci kaɗan-kaɗan da kofin ruwa a gefe don kar ta kama, har nauyin ya daina raguwa. In ya tsaya a giram 84, laimar kashi 16 ce.

Dakta: In aka ɗaure da laima, ƙwayoyin fumfuna ne ke ci gaba da cin zaƙin ciyawar suna fitar da zafi. Kowace dila takan ɗan yi ɗumi a satin farko, wannan ba komai. Haɗarin yana tsakanin sati biyu zuwa shida. Digiri 55 a ma'aunin Salshiyas, a fara sa ido kullum. Digiri 65, an shiga haɗari, a rarraba dilolin su sha iska. Digiri 80, kar a taɓa, a kira 'yan kwana-kwana su zo su tsaya da ruwa tukuna, don da zarar an buɗe iska ta shiga wuta za ta tashi. Marar ma'auni ya soka rodi cikin tsibin ya bar shi minti ashirin, in ya zaro ya kasa riƙewa da hannu to abin ya yi nisa. Kar kuma kowa ya hau saman tsibin da ke zafi ba tare da shimfiɗa katako ba, ciki kan cinye ya zama rami.

Ko wuta ba ta tashi ba an yi asara. Ciyawar da ta dahu ta koma ruwan ƙasa tana ƙamshi kamar taba, shanu na son ta ƙwarai, amma zafin ya ɗaure furotin ɗin, wucewa kawai yake yi ya fita a kashi.

Dattijon Ruga: Mu dai mun gaji barbaɗa gishiri ko kanwa tsakanin dami in harawa ba ta gama bushewa ba.

Dakta: Su ma tsofaffinsu suna yi, Baba. Yana sa dabba ta ci da marmari, amma ɗan abin da ake barbaɗawa bai isa ya hana fumfuna ba, wanda zai isa kuwa ya fi ƙarfin dabba. Abin da ke aiki shi ne wani ruwan asid da ake kira furofiyonik, injin na fesa shi yayin ɗauri, yana ba da damar ɗaurewa har kashi 25. Kuɗi ne, sai in hadari ya matso ake kunna shi.

Tunda an zo kan guba, akwai uku da suke tsoro. Hatsin da aka yanka ɗanye don ciyawa, irin su ots da gero da dawa, in fari ya kama shi yakan tara sinadarin naitiret a gindin kara. Busarwa ba ta rage shi. Saniya ta ci, jini ya koma ruwan cakulan, ta faɗi tana haki, masu ciki su yi ɓari. Maganinsa gwaji kafin ciyarwa, da ɗaga wuƙa a bar gindin a gona. Wannan daban yake da gubar gyauron dawa da muka sani, wadda ita busarwa sosai tana rage ta. Na biyu, ƙwaro ɗan gidan su hangara da rola ke murƙushewa cikin alfalfa, yana ƙona hanjin doki har ya kashe. Na uku wata ciyawa mai suna suwit kuloba, in ta yi fumfuna tana hana jini daskarewa, a yi wa maraƙi fiɗiya jini ya ƙi tsayawa. Binciken wannan cutar a Jami'ar Wiskonsin ne ya haifar da warfarin, maganin ɓera da kuma maganin tsinka jini da ake ba masu ciwon zuciya.

Injiniya: Wutar ba a rumbu kaɗai take ba. Injin ɗauri mai zagaye cike yake da boris da bel da ƙura. Boris ɗaya ya ci, ya yi ja, ƙura ta kama. Shi ya sa bayan awa ɗaya da fara aiki ake tsayawa a bi su ɗaya-ɗaya da ma'aunin zafi na nesa, wanda ya fi 'yan'uwansa zafi a canza shi yau. Ana ɗaure tulun kashe gobara na ruwa a jikin injin. In ta kama, a tofar da dilar, a ja injin zuwa inda aka riga aka kwashe.

Wani abin da ke ba sababbi haushi shi ne noti mai karyewa da gangan. An yi shi da ƙarfe mai taushi don in inji ya haɗiye dutse shi ya karye, giya ta tsira. Mai gajen haƙuri in ya karye masa sau uku sai ya sa noti mai tauri, daga nan abin da zai karye ya ninka kuɗin notin sau ɗari. Bakanikenmu ma suna wannan ganganci a injin huɗa.

Malamar Gona: Ajiya kuma. Dila mai faɗin mita 1.8, santimita 15 na bayanta kawai kusan kashi ɗaya cikin uku ne na dukkan ciyawar. Ku yi lissafin da'ira ku gani. To in bayan ya ruɓe zurfin tafin hannu, ba kaɗan aka rasa ba. Mafi yawan ruɓar daga ƙasa take, saboda haka a kan tsakuwa ko tudu ake jerawa, baki da baki a matse, layi ya miƙe kudu da arewa don rana ta bugi gefe biyu, a bar mita ɗaya tsakanin layuka, kuma ba a ƙarƙashin itace ba. Naɗin raga ya fi igiya zubar da ruwa, sai dai dole a cire shi kafin ciyarwa, don yana taruwa a tumbi kamar yadda leda ke yi wa awakinmu. Sannan a kewaye wurin da shinge mai tsayin mita biyu da rabi saboda manyan barewar dajinsu, garke ɗaya na iya cinye tsibi cikin 'yan darare.

Baba, ga wanda zai yi maka daɗi. A Big Hole har yanzu akwai gidajen da ba sa ɗauri sam. Suna da wani dogon tsani na katako mai gangare da ake kira Beaverslide, wanda wasu makiyayan kwarin biyu, Herbert Armitage da David Stephens, suka yi wa rajista a 1910. A turo ciyawa gindinsa, a ja ta sama da igiyar ƙarfe, ta zubo ta baya ta zama tsibi mai tsayin kusan mita tara, tan 20 a tsibi ɗaya. In an yi wa kan tsibin doro da kyau ruwa zamewa yake, ciyawar ta shekara biyar ba ta lalace ba. Man da yake sha kaɗan ne, gyaransa guduma da ƙusa. Abin da ke kashe shi rashin hannu, yana son mutum shida zuwa goma.

Dattijon Ruga: To ka ji magana. Hannu kuwa mu muke da shi.

Maman Khalifa: Rashin hannun nan da dalili. Ƙidayar manoma ta Amurka ta 2022 ta nuna matsakaicin shekarun manomi 58 ne. Matashin da ba gado ya yi ba da wuya ya sayi fili, wanda ya gada kuma sau da yawa haya yake biyan iyayensa ko yana biyan 'yan'uwansa rabonsu. Kuɗi sau ɗaya suke shigowa a shekara, a Oktoba ko Nuwamba da aka yaye maruƙa aka sayar suna kilo 230 zuwa 270. Man dizal, raga, kayan gyara na Yuli duk bashin banki ne da za a biya a kaka. Shi ya sa muhawarar da matasansu ke yi ita ce ko ma a daina mallakar inji: a ɗauko mai inji ya yanka a biya shi kan kowace dila ko a raba ciyawar, ko a jinkirta haihuwa zuwa Mayu don saniya ta rage dogaro da ingirici. Masu inji kuma su ce a shekarar fari irin 2021, da tan ɗaya ya haura dala 200 a Montana, wanda ba shi da tasa ciyawar shi ya fara kai shanu kara. Mai injin haya ma gonarsa yake fara yankawa, kai sai ciyawarka ta tsufa.

Baban Zara: Allah ya saka da alheri, an ƙaru. Tambaya ta ƙarshe ga Malama: mai shanun turka biyar a bayan gida, nawa zai tara, kuma ta yaya ba tare da inji ba?

Malamar Gona: Bunaji mai kilo 300 yana cin kamar kilo 7 zuwa 8 a rana. Biyar sau 7.5 sau kwana 180, daga Disamba zuwa Mayu, kusan tan 7 ke nan in ciyawa zalla ce, kara da dusa da kowar wake za su rage. A sa kafinta ya haɗa akwati marar gindi, tsawo mita ɗaya, faɗi santimita 50, zurfi 40. A shimfiɗa igiya biyu a ciki bakinsu na waje, a zuba ciyawa ana takawa, a ɗaure tam, a ɗage akwatin. Dila ɗaya takan yi kilo 15 zuwa 20, tana ba ka damar ƙidaya abin da kake da shi. Kashi ɗaya cikin uku ya zama harawar wake ko ta gyaɗa ko lablab. Harawar a ɗaure ta da sassafe tana da sanyin raɓa, kamar dai yadda mutanen bidiyon suke yi.

Ɗan Fadama: Kuma a sauko da ita daga kan soro da zarar ta bushe. Harawar da ta yi wata uku a rana ta koma fara, ganyen ya bi iskar hunturu. A kai ta rumfa, a kan duwatsu ko katako taƙi biyu daga ƙasa, a zuba toka a gindin ƙafafun saboda gara.